Neman Rubutu Cikin Fayiloli Bisa Kwanan Wata: Abin da Kwamfuta Ke Nufi da "Yaushe"

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake sa kwamfuta ta zaƙulo wata kalma ko wata jimla daga cikin tarin fayiloli, tare da taƙaita binciken ga fayilolin wani lokaci da aka ƙayyade mata. Za a ɗora bayanin bisa tsarin Unix da zuriyarsa, watau Linux da macOS da makamantansu, inda mai aiki yakan buga umarni da haruffa a layi guda, na'urar kuma ta mayar masa da amsa da haruffa. Wannan shi ake kira layin umarni.

Kafin a shiga cikin batun gadan-gadan, ya kamata a warware ma'anar kalma ɗaya. A ofisoshin gwamnati, idan an ce fayil ana nufin bangon nan mai kauri da ake tara wasiƙu a cikinsa. A harshen kwamfuta kuwa, kowace wasiƙa ɗaya fayil ce mai zaman kanta, bangon da ya tara su kuma shi ne folda. Da wannan ma'ana ta biyu za a yi amfani har ƙarshe.

A ɗauka misali an ce wa wani ma'aikaci ya fito da duk takardun da aka ambaci fansho a cikinsu a watan Maris na 2021, alhali kwamfutar ofishin tana ɗauke da fayiloli dubbai. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya neman allura ne cikin ruwa. Umarnin da zai gama aikin kuwa bai wuce layi guda ba, kuma ɗalibi mai himma zai haddace shi a yini ɗaya. Wuyar al'amarin tana wurin sanin wane kwanan wata aka tambayi na'urar, domin fayil ɗaya yakan ɗauki kwanaki uku ko huɗu da suka saɓa wa juna. Wanda bai bambance su ba zai iya komawa wurin shugabansa ya ce babu takardar, alhali kuwa tana nan, kuma haƙƙin wani tsoho yana rataye da ita.

Magatakarda biyu

Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu ne suka fara gina Unix a shekarar 1969, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. Ɗabi'ar da suka ɗora tsarin a kanta ita ce kowane ƙaramin shiri ya yi aiki guda ya kuma kyautata shi, idan aiki ya girma sai a haɗa shirye-shirye biyu ko uku su yi shi tare. Saboda haka ne aikin da ake magana a kansa ya rabu tsakanin shirye-shirye biyu, waɗanda za a iya kwatanta su da magatakarda biyu a ɗakin ajiyar takardu.

Na farko sunansa grep. Thompson ne ya ciro shi a 1973 daga cikin ed, shirin gyaran rubutu na wancan zamani. A cikin ed akwai umarnin da ake rubutawa g/re/p, ma'anarsa: duba dukkan layuka, duk wanda ya dace da wannan siffa ka buga shi. Haruffan nan huɗu su suka zama sunan. Shi grep makaranci ne: yakan buɗe fayil ya bi shi layi-layi, ya fito da duk layin da ke ɗauke da abin da aka nema. Idan aka buga

grep -rl fansho .

zai ratsa foldar da ake ciki da duk foldodin da ke ƙarƙashinta, ya jero sunayen fayilolin da kalmar ta fito a cikinsu. Harafin r shi ke sa shi kutsawa cikin ƙananan foldodi, harafin l kuma ya sa ya faɗi sunan fayil kawai. Sai dai grep ba shi da masaniya kan lokaci ko kaɗan. Fayil ɗin jiya da na shekara goma duk ɗaya suke a wurinsa.

Na biyu shi ne find, wanda ya bayyana a tsakiyar shekarun 1970. Wannan shi ne mai riƙe da rajista. Ya san sunan kowane fayil, da girmansa, da mai shi, da lokacin da aka taɓa shi, amma ba ya buɗe ko ɗaya ya karanta. Ke nan ɗaya ya iya karatu bai san kwana ba, ɗaya ya san kwana bai iya karatu ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za a zo kan yadda ake haɗa su, amma dole a fara duba rajistar da find yake dogara da ita.

Yadda Unix ke ƙirga lokaci

Unix ba ta ajiye rana da wata da shekara a jikin fayil. Abin da take ajiyewa lamba ce guda, watau yawan daƙiƙoƙin da suka shige tun daga ƙarfe goma sha biyun daren da ya buɗe 1 ga Janairu, 1970, bisa agogon Girinwic. Kowace rana tana da daƙiƙa 86,400. Lambar ta cika biliyan ɗaya a ranar 9 ga Satumba, 2001, kuma farkon ranar 1 ga Maris, 2021 ya yi daidai da 1,614,556,800. Sai lokacin da mutum ya nemi gani ne na'urar take juya lambar ta koma kwanan wata, bisa agogon ƙasar da aka saita ta a kai.

Wannan juyi yana da tasiri a kan bincike. Agogon Nijeriya da Nijar yana gaban na Girinwic da awa ɗaya, na Gana kuwa daidai yake da shi. Takardar da aka ajiye a Kano da ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren da ya buɗe 1 ga Afrilu, idan aka duba ta a na'urar da ke bin agogon Akara ko na Girinwic, za ta nuna sha ɗaya da rabi na daren 31 ga Maris. Awa ɗaya ta fitar da ita daga wata ɗaya ta jefa ta wani. Manyan na'urorin da ke riƙe da bayanan hukumomi galibi a kan agogon Girinwic ake saita su, don haka mai bincike ya kamata ya buga umarnin date tukuna, ya ga da wane agogo na'urar take aiki.

Wani abin lura, ko da a taƙaice: tsofaffin na'urori sun ware wa lambar nan gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 2,147,483,647, kuma za a kai wannan iyaka a ranar 19 ga Janairu, 2038. Sababbin tsare-tsare sun faɗaɗa gurbin.

Hatimai uku a kan fayil ɗaya

A nan ne akasarin kurakurai suke fitowa. Kowane fayil a Unix yana ɗauke da hatimin lokaci guda uku, kuma kowanne da abin da yake shaidawa.

Hatimin da aka fi amfani da shi ana kiransa mtime, shi ne lokacin ƙarshe da aka sauya abin da ke rubuce cikin fayil. Shi ne wanda umarnin ls -l yake nunawa. A lura da kalmar "ƙarshe". Wasiƙar da aka rubuta a Maris na 2021, in wani ya buɗe ta a Yuni na 2023 ya gyara waƙafi ɗaya ya ajiye, to ta zama ta Yuni na 2023, tsohon kwanan kuma ya shafe, ba a ajiye shi a ko'ina ba. Haka nan idan aka kwafi fayil da umarnin cp, kwafin yakan sami hatimin ranar da aka kwafe shi, sai fa in an ƙara -p domin a riƙe na asali. Ofishin da ya sayi sabuwar kwamfuta, aka juye mata tsofaffin takardu ta wannan hanya ba tare da kula ba, zai wayi gari takardun shekara goma duk suna ɗauke da kwanan rana ɗaya. Daga nan bincike bisa hatimi ya mutu a kansu. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga wasiƙar imel ma galibi kwanan ranar saukowa yake ɗauka.

Na biyu ana kiransa ctime, kuma shi ne ya fi yaudarar masu koyo, domin harafin c yakan sa su zaci farkon kalmar Ingilishi ce mai nufin ƙirƙira. Ba haka ba ne. Abin da yake shaidawa shi ne lokacin ƙarshe da aka taɓa bayanan rajistar fayil: an sauya mai shi, ko izinin buɗe shi, ko an gyara rubutun cikinsa, a yawancin tsarin Linux har da sauya masa suna. Tsofaffin tsare-tsaren ajiya na Unix da dama ba su ajiye ranar haihuwar fayil ba. Tsare-tsaren ajiya na baya-bayan nan, irin su ext4, suna ajiye ta, kuma tun daga 2017 Linux ta buɗe hanyar karanta ta. Amma ko ita ranar haihuwar kwafin da ke kan wannan na'ura take faɗa, ba ta san ranar da marubuci ya zauna ya rubuta wasiƙar ba.

Na uku shi ne atime, lokacin ƙarshe da aka karanta fayil. Wannan ba abin dogaro ba ne. Shi kansa grep in ya ratsa fayiloli yana karantawa zai iya sauya shi, watau mai bin sawu ya taka sawun da yake bi. Bugu da ƙari, tun daga 2009 Linux ta daina sabunta shi a kowane karatu, domin rage wa na'ura wahala.

Mai son ganin hatiman gaba ɗaya sai ya buga stat da sunan fayil. Ya kuma kamata ma'aikaci ya sani cewa da umarnin touch kowane mai fayil zai iya ɗora wa mtime kwanan da ya ga dama, kuma na'urar da batirin agogonta ya mutu takan buga kwanan da ba shi da tushe. Don haka hatimi jagora ne wajen nema, amma shi kaɗai bai isa hujjar da za a tuhumi mutum da ita ba.

Ƙirgar kwanaki a wurin find

Hanyar da aka gada tun farko ita ce ƙirgawa daga yanzu zuwa baya:

find . -type f -mtime -7

Ma'anarsa: fito da fayilolin da aka gyara cikin kwana bakwai da suka wuce. Alamar ɗebewa tana nufin ƙasa da, alamar tarawa tana nufin fiye da, lamba tsura kuma tana nufin daidai. Har nan babu wuya. Amma kwana a wurin find awa ashirin da huɗu ne cif, ana ƙirga su daga lokacin da aka buga umarnin. Yakan ɗebe lokacin fayil daga lokacin yanzu, ya raba da 86,400, ya zubar da abin da ya saura. Fayil ɗin da aka gyara awa 47 da suka shige, a lissafinsa kwana ɗaya ne. Saboda haka -mtime +1 ba zai kawo shi ba, sai wanda ya cika awa 48. Haka kuma -mtime 0 bai yi daidai da "yau" ba: in an buga shi ƙarfe huɗu na yammacin Talata, zai haɗa har da aikin da aka yi bayan ƙarfe huɗu na yammacin Litinin. A Linux, in aka sa -daystart a gabansa, sai ƙirgar ta bi ranakun kalanda kamar yadda mutane suka saba.

Alamun nan biyu suna bukatar natsuwa, musamman ga wanda ya haɗa find da -delete domin share tsofaffin fayiloli. Da +30 zai share waɗanda suka haura wata guda. In hannu ya zame ya buga -30, aikin watan da ake ciki ne zai tafi, kuma layin umarni ba shi da kwandon sharar da za a koma a tsinto. Masu hankali sukan fara buga umarnin ba tare da -delete ba, su karanta jerin sunayen da idonsu.

Ga mai neman watan Maris na 2021, ƙirgar kwanaki daga yau wahala ce marar amfani. Mutanen da can sukan yi dabara: su ƙirƙiri fayiloli biyu marasa komai da touch -t, ɗaya da hatimin farkon wata, ɗaya da na ƙarshensa, sa'an nan su ce wa find ya kawo abin da ya fi na farko sabunta amma bai fi na biyu ba. Dabarar tana aiki har gobe a kowace irin Unix. Sai dai find na Linux da na macOS sun sauƙaƙa, ana ba su kwanan kai tsaye:

find . -type f -newermt 2021-03-01 ! -newermt 2021-04-01

Alamar motsin rai a nan tana nufin "banda". Abin lura shi ne an rubuta 1 ga Afrilu a matsayin iyaka ta biyu. Dalili kuwa, kwanan da ba a haɗa shi da awa ba, na'urar takan ɗauke shi a matsayin farkon ranar, watau tsakar dare. Wanda ya rubuta 2021-03-31 ya yanke ranar ƙarshe ta wata ɗungurungum, kuma a ofis ranar ƙarshen wata ba ranar wasa ba ce.

Haɗa su wuri guda

Yanzu sai a sa mai rajista ya tsamo fayilolin, ya miƙa wa makaranci:

find . -type f -newermt 2021-03-01 ! -newermt 2021-04-01 -exec grep -il fansho {} +

Bakan nan biyu su ne gurbin da find zai zuba sunayen da ya samo. Alamar tarawa ta ƙarshe tana sa ya miƙa su a dunƙule, maimakon ya tayar da grep sau dubu domin fayil dubu. Harafin i kuma yana hana bambanta babban harafi da ƙarami, ta yadda Fansho da FANSHO duk za su shigo. Wanda yake son ganin layukan kansu da lambobinsu sai ya musanya -il da -in.

Akwai hanya ta biyu da littattafai da dama suke koyarwa, wadda ake amfani da bututu, watau tsayayyen layin nan da ke zuba abin da shiri ɗaya ya fitar cikin bakin wani. Douglas McIlroy ne ya kawo shawarar bututu, aka shigar da shi Unix a 1973. A wannan hanya find yakan zuba sunaye cikin wani shiri mai suna xargs, shi kuma ya jera su gaban grep. Mai aiki da Hausa ya yi hattara a nan. Shi xargs, in ba a gargaɗe shi ba, yakan ɗauki fili tsakanin kalmomi a matsayin ƙarshen suna, ya kuma ɗauki alamar hamza a matsayin buɗe zance. Fayil mai suna ma'aikata ko jami'a ko 'yan fansho zai sa ya tsaya cak yana ƙorafi. Maganin shi ne a rufe umarnin find da -print0, a kuma rubuta xargs -0. Hanyar -exec ba ta da wannan ciwo tun asali, shi ya sa ta fi dacewa da mai koyo.

Kwanan da ke cikin rubutu

Duk abin da ya gabata ya dogara ne ga hatimi. In hatimi ya lalace ta ɗaya daga hanyoyin da aka ambata, abin da ya rage shi ne kwanan da marubuci ya sa da hannunsa a saman wasiƙa. A wannan hali find ba shi da abin yi, domin kwanan ya zama rubutu kamar kowane rubutu, aikin grep ke nan. Sai a tace sau biyu, a fara da masu ɗauke da kwanan, sa'an nan a nemi kalmar a cikinsu.

Matsalar ita ce grep siffar haruffa yake dubawa, bai san ma'anarsu ba. Wani akawu ya rubuta 5 ga Maris, 2021, wani ya rubuta 5/3/2021, wani 05-03-21, wani da Ingilishi, wani ma ya sa kwanan Hijira. A wurin grep waɗannan abubuwa ne biyar da ba su da dangantaka, dole a lissafa masa kowanne. Har ila yau 5/3/2021 a Nijeriya da Ingila 5 ga Maris ne, a Amurka kuwa 3 ga Mayu. Ko rajistar da na'urorin Unix suke rubuta wa kansu a tsohon salo tana da nata tarkon: ba ta sa shekara, kuma in ranar ba ta kai goma ba takan bar fili biyu tsakanin wata da rana, ta yadda mai neman Mar 5 da fili ɗaya zai tashi hannu rabbana.

Wannan ruɗani ne ya sa ƙa'idar ISO 8601, wadda aka fara bugawa a 1988, ta tsara a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2021-03-05. Amfaninta shi ne jerin haruffa ya zo daidai da jerin lokaci, don haka shiri irin awk, wanda Aho da Weinberger da Kernighan suka rubuta a 1977, zai iya gwada kwana biyu ya san wanda ya riga wani. Ofishin da ya saba fara sunan kowane fayil da kwana a wannan siffa ya tsare kansa, domin suna yakan bi fayil duk inda aka kwafe shi, sai a neme shi da find . -name "2021-03-*" ba tare da waiwayar hatimi ba.

Haruffa masu ƙugiya

Saura wata matsala da ta keɓanta ga rubutun Hausa. A idon na'ura, k da ƙ haruffa ne biyu daban, kamar yadda b da ɓ, da d da ɗ suke. Wannan daidai ne a nahawu, tun da kafa daban ƙafa daban. Amma masu buga takardu ba su bi tafarki ɗaya ba. Wanda yake da ƙugiya a allon bugunsa ya rubuta ƙasa, wanda ba shi da ita ya rubuta kasa, wani kuma ya bi tsohuwar dabarar tafireta ya rubuta k'asa. Mai neman takardun rikicin ƙasa, in ya buga siffa ɗaya, sauran biyun sun kuɓuce masa. Dole ya haɗa su:

grep -rlwE "ƙasa|kasa|k'asa" .

Harafin E shi ke ba da damar jera zaɓi, w kuma ya tilasta a kawo cikakkiyar kalma, in ba haka ba kasa za ta jawo kasafi da kasala da kasancewa. Ana kuma bukatar fayilolin da na'urar su kasance a kan tsarin haruffa na UTF-8, wanda shi ma Thompson ne ya tsara shi tare da Rob Pike a 1992. Tsofaffin takardun da aka buga da wasu keɓaɓɓun haruffan Hausa kafin wannan tsari ya yaɗu sukan ɓoye ƙugiyar a bayan wata alama dabam, sai an buɗe ɗaya an ga wace ce kafin a neme ta.

Jam'in suna ma haka yake. Makaranta da makarantu za a kama su da guntun makarant, in an cire w. Birni da birane, ko doki da dawaki, ba su da irin wannan guntu, sai an rubuta kowanne.

Daga ƙarshe, grep tsantsar rubutu yake karantawa. Takardun Word masu ƙarewa da docx, tun daga 2007, a matse suke cikin ƙunshi, ba ya ganin kalmomin cikinsu sai an kwance su ko an juya su zuwa tsantsar rubutu. Takardun PDF kuma sai a bi ta pdftotext ko pdfgrep. Wasiƙar da aka ɗauki hotonta da na'urar sikana kuwa hoto ce kurum, babu harafi ko ɗaya a cikinta da grep zai kama. Iyakar abin da find zai yi a kanta shi ne ya ware waɗanda hatiminsu ya faɗa cikin watan da ake nema, sa'an nan ma'aikaci ya buɗe su ya karanta da kansa.